Idan mashaya ta sauya hannu, me ya sa maƙwabta ne na ƙarshen ji?

A Ingila da Wales, duk wanda ke son buɗe sabuwar mashaya sai ya liƙa wata takarda mai launin shuɗi a jikin ginin, a inda mai wucewa zai iya karantawa ba tare da ya shiga ciki ba. Doka ba ta bar komai a zaɓinsa ba. Kada takardar ta gaza girman A4, kada rubutun ya gaza lamba 16, kuma dole ta yi kwana 28 a jere tana wurin. Bayan haka sai ya biya kuɗi a buga sanarwar a jaridar yankin cikin kwanakin aiki 10. A tsawon waɗannan kwana 28 kowa na da damar rubuta wa ƙaramar hukuma ƙorafi, kuma idan ƙorafin ya taɓa abin da doka ta lissafa, sai an zauna an saurare shi kafin a yanke hukuncin ba da lasisi.

To a ce bayan shekara uku mai mashayar ya gaji ya sayar. Sabon mai wurin zai cike fom, ya haɗa da takardar amincewar wanda ke riƙe da lasisin, ya biya fam 23. Yana ma iya neman canjin ya fara aiki nan take, tun kafin hukuma ta gama dubawa. Ba takarda a bango, ba sanarwa a jarida. 'Yan sanda kaɗai ake sanarwa, sai kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda aka shigo da ita tun 2017 domin ta duba ko mutumin na da izinin aiki a ƙasar. Su ma kwana 14 suke da shi, kuma 'yan sanda ba sa iya tsayawa a hanya sai sun nuna cewa akwai wani yanayi na musamman da zai sa canjin ya buɗe ƙofar aikata laifi. Matar da katangar ɗakin barcinta ke manne da ta mashayar ba ta cikin lissafi ko kaɗan. Ranar da kiɗa ya hana jaririnta barci, ranar za ta san an yi ciniki.

Ra'ayina shi ne wannan giɓi ne babba a doka, kuma ya kamata a toshe shi. Ranar da mashaya ta sauya hannu ta fi ranar buɗe ta muhimmanci ga maƙwabci, domin mutum ne ke tafiyar da wuri, kuma idan mutum ya canza komai na iya canzawa.

Na san wani mai karatu zai ce ina ruwanmu da lasisin giya, abin da addini ya riga ya yanke hukunci a kansa. Tambaya ce mai ma'ana. Amsar ita ce ba don mashayi ake liƙa wannan takarda ba. Mashayi ba ya bukatar sanarwa, ƙafarsa ta san hanya. Ana liƙa ta ne don wanda ba ya sha amma gidansa na kusa, ko shagonsa, ko makarantar 'ya'yansa, ko masallacin da yake zuwa Asuba ya tarar da fasassun kwalabe a ƙofa. Musulmin da ke zaune a Bradford ko Birmingham ko gabashin Landan, har da 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai can, ba shi da ikon hana sayar da barasa a ƙasar. Abin da doka ta ba shi shi ne damar faɗin albarkacin bakinsa a kan lokacin rufewa, da ƙarar kiɗa, da inda za a riƙa tara mutane da dare. Idan ba a sanar da shi ba, wannan damar ma ta tafi.

Yadda aka zo nan

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a ranar 24 ga Nuwamba, 2005. Kafin ita, alƙalan majistare ne ke ba da lasisin sayar da barasa. Lasisin na mutum ne a kan wani wuri takamaimai, ana sabunta shi duk shekara uku, kuma idan za a miƙa shi ga wani, sai sabon ya bayyana gaban alƙalai sun gamsu cewa mutumin kirki ne da ya dace. Tsarin na da nauyi da jinkiri, masu sana'ar sun daɗe suna kuka da shi.

Sabuwar dokar ta ɗauke aikin daga kotu ta miƙa wa ƙananan hukumomi, sannan ta raba lasisin gida biyu. Akwai lasisin wuri, wanda ke ɗauke da sa'o'in buɗewa da rufewa da sauran sharuɗɗa, kuma ba ya ƙarewa matuƙar ana biyan kuɗin shekara. Akwai kuma lasisin mutum, wanda ake samu bayan an yi ɗan kwas an ci jarrabawa an kuma duba ko mutum ya taɓa aikata laifi. Kowace mashaya dole ta sa sunan mutum ɗaya mai irin wannan lasisi a matsayin mai kula da wurin.

Daga wannan rabon ne hujjar masu kare tsarin ta fito. Suna cewa an riga an tambayi jama'a lokacin da aka ba wurin lasisi. Sharuɗɗan da aka gindaya suna nan daram, sabon mai wuri ya gaje su kamar yadda ya gaji kujeru da firiji. Idan lasisi ya ce a rufe ƙarfe ɗaya na dare, ƙarfe ɗaya zai rufe. Idan yana son ƙarin lokaci, sai ya nemi a sauya lasisin, a nan kuma takardar shuɗi za ta dawo bango da kwananta 28. To me za a sake tambayar maƙwabta?

A takarda maganar ta zauna. A unguwa ba haka abin yake ba.

Lasisin wuri iyaka yake shatawa, ba ya bayyana abin da ake yi a cikin iyakar. Ɗauki wani gidan abinci da ke da izinin sayar da barasa da sa kiɗa har ƙarfe biyu na dare, wanda mai shi dattijo ne da ke kashe fitila ƙarfe goma sha ɗaya saboda ba shi da ƙarfin raba dare. Maƙwabta sun yi shekara goma ba su taɓa jin ɗuriyarsa ba. Yau ya sayar wa wanda ya ciwo bashi ya saya, wanda dole ya tatse kowace sa'a da lasisi ya halatta masa. Sai ya kwashe tebura, ya girke manyan lasifika, ya sa masu gadi a ƙofa. Bai karya ko sharaɗi ɗaya ba, amma gidan abinci ya zama gidan rawa, kuma babu lokacin da aka tsaya aka tambayi wani. Waɗanda suka yi shiru a wancan karo sun yi shiru ne saboda sun san dattijon. Wasu ma ba su tare a unguwar ba tukuna.

Doka ta bar wa maƙwabci hanya ɗaya, wato ya nemi a sake duba lasisin. Kowa na iya nema, kuma tun 2012 an cire sharaɗin cewa sai mai ƙorafi na zaune kusa da wurin. Hukuma na da ikon ƙara sharuɗɗa, ko rage sa'o'i, ko cire mai kula da wurin, ko dakatar da lasisi har wata uku, ko soke shi ɗungurungum. Makami ne mai kaifi, ba a musu. Sai dai ihu ne bayan hari. Kafin mutum ya kai nan, sai ya yi watanni yana rubuta ranaku da lokutan da aka hana shi barci, yana ɗaukar sauti a waya, yana kiran jami'an kula da muhalli. Sannan a liƙa sanarwar kwana 28, a sa ranar zama. Idan hukunci bai yi wa mai mashaya daɗi ba, yana da kwana 21 na ɗaukaka ƙara zuwa kotun majistare, kuma a mafi yawan lokuta hukuncin ba ya fara aiki sai an gama shari'ar. Duk wannan tsawon lokaci kiɗa na tashi. Mai mashaya na da lauya, maƙwabci na da littafin da yake rubuta ranakun rashin barcinsa.

Canza wa tuwo suna

Akwai wani abin da ya fi wannan ciwo. Sauƙin miƙa lasisi ya zama mafaka ga masu laifi. Mai wuri ya ga 'yan sanda sun matsa, an sa ranar sake duba lasisinsa, sai a wayi gari ya miƙa lasisin ga ƙaninsa, ko matarsa, ko wani sabon kamfani da aka yi wa rajista makon jiya. Ranar zama sai lauya ya miƙe ya ce ai waɗancan matsaloli na tsohon shugabanci ne, a ba sabbin hannu dama. An canza wa tuwo suna ke nan. Kwamitocin lasisi sun san wannan dabara, kuma sau da yawa sukan gano ta. Amma wa ya fi sanin cewa mutumin da aka ce ya tafi shi ne dai ke zuwa da makulli kowace yamma? Maƙwabcin da tagarsa ke kallon ƙofar. Shi ne kuma doka ba ta ce a sanar da shi ba.

Sannan ga ƙofar da ta fi kowace faɗi. Idan kamfani ne ke riƙe da lasisin, ba mutum ba, ana iya sayar da kamfanin gaba ɗaya ta hanyar sayar da hannun jarinsa. Sunan da ke kan lasisi bai canza ba, don haka babu abin da za a miƙa, babu fom, babu ko fam 23 ɗin. Masu wuri sun canza kakaf amma a idon dokar lasisi ba abin da ya motsa. Sai dai in an sauya mai kula da wurin, wanda shi ma 'yan sanda kaɗai ke da bakin magana a kansa cikin kwana 14.

Wani ɗan sashe na dokar yakan ba ni mamaki duk lokacin da na tuna shi. Sashe na 178 ya ba mai ginin, ko wanda ke da wani haƙƙin dukiya a cikinsa kamar bankin da aka jinginar wa, damar biyan fam 21 a shekara domin hukuma ta riƙa sanar da shi duk wani motsi da ya shafi lasisin. Ashe dai masu tsara dokar sun fahimci cewa canji a lasisi na iya cutar da wani, kuma sun san yadda ake aika sanarwa. Sun tuna da mai kuɗi a ginin, sun manta da mai kwana a gefensa.

Ba ko'ina ake haka ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, hukumar kula da barasa ta jihar na tilasta liƙa sanarwa a jikin wurin har kwana 30, kuma tana da takarda ta musamman da ke cewa ana neman canjin mallaka. Kowa na iya shigar da ƙorafi a cikin wa'adin. Masu yawo a titunan San Francisco da Los Angeles sun saba ganinta a gilashin gidajen abinci, har 'yan jaridar da ke bibiyar harkar abinci kan samo labarin an sayar da wuri daga gare ta. Kasuwanci bai mutu a Kalifoniya saboda takarda ba, mashayu na sauya hannu kullum. Tsarin can na da nasa nauyin, ciniki kan ɗauki makonni kafin ya kammala, amma ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne.

Dole a yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Mashayu a Birtaniya na rufewa shekara da shekaru, kuɗin wuta da haya da haraji sun yi musu katutu. Mai ƙaramin wuri da ke son sayarwa kafin bashi ya cinye shi ba zai iya jiran wata biyu ana zaman sauraron ƙorafi ba, kuma ma'aikatan da ke ci daga wurin, masu wanke-wanke da masu dafa abinci da masu gadi, albashinsu ba ya jira. Akwai kuma manyan kamfanoni masu ɗaruruwan mashayu da ke canza 'yan haya a kai a kai. A ce duk canji sai an buga a jarida, kuɗi ne mai yawa a kan abin da galibi ba ya cutar da kowa. Haka nan akwai maƙwabcin da ba ya son ganin kowa, wanda ya sayi gida kusa da mashayar da ta girmi kakansa sannan ya fara neman a rufe ta. Ba wanda ke son a miƙa wa irin wannan wuƙa da nama.

Amma duk waɗannan hujjoji suna magana ne a kan jinkiri da tsada da ikon hanawa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke cewa kada mutum ya sani. Ana iya barin canjin ya fara aiki nan take kamar yadda yake yanzu, a dai wajabta liƙa takarda a ƙofa na tsawon kwana 14 ɗin da ake ba 'yan sanda, mai ɗauke da sunan sabon mai lasisi da sa'o'in da aka halatta da adireshin da za a rubuta. Kuɗinta bai wuce na buga shafi ɗaya ba. Dokar ma ta riga ta san irin wannan: idan ana neman ɗan ƙaramin gyara a lasisi, farar takarda ake liƙawa na kwanakin aiki 10, ba jarida, ba zaman sauraro, jami'i ya karanta abin da aka rubuto ya yanke. Idan matsar da kanta daga wannan kusurwa zuwa waccan na iya bukatar farar takarda, yaya sauya mutumin da ke riƙe da wurin gaba ɗaya ba zai bukaci komai ba?

Maganar maƙwabci mai neman fitina kuwa, doka ta riga ta yi masa linzami. Ƙorafi ba ya karɓuwa sai ya rataya a kan ɗaya daga cikin manufofi huɗu: hana laifi da tarzoma, kiyaye jama'a daga haɗari, hana damun jama'a, da kare yara daga cutarwa. A Scotland, wadda ke da dokarta daban ta 2005, akwai ta biyar, wato kiwon lafiyar al'umma. Yana da kyau 'yan uwanmu da ke can su riƙe wannan. Wasiƙar da ta ce barasa haramun ce, ko mashayu sun yi yawa ba a bukatar ƙari, ajiye ta za a yi gefe komai yawan sa hannun da ke kanta. Wasiƙar da ta ce ƙofar wurin na fuskantar islamiyyar da yara ke tashi ƙarfe bakwai na yamma, ga kuma ranakun da aka yi faɗa a wurin, dole a karanta ta.

Muhawarar da ake yi a Birtaniya a 'yan shekarun nan ta karkata ne wani gefe. A 2025 gwamnati ta nemi jin ra'ayin jama'a a kan sassauta dokokin lasisi, ciki har da shawarar cire tilascin buga sanarwa a jaridun yanki. Masu mashayu na cewa kuɗi ne ake zubarwa a shafin da ba mai karantawa. Ƙungiyar masu jaridu ta News Media Association ta tashi tsaye tana cewa za a jefa jama'a cikin duhu. Kowannensu na da gaskiya kuma kowannensu na da aljihu a maganar, domin kuɗin sanarwa na cikin abin da ke riƙe da ƙananan jaridu da yawa. A matsayina na mai rubutu a jarida zuciyata na tare da jaridun. Sai dai ana ta jayayya a kan inda za a buga sanarwar sabon lasisi, alhali sanarwar sauya hannu babu ita ma sam, ba a jarida ba, ba a bango ba. Wuraren da ke sauya hannu kuwa su ne waɗanda suka riga suka zauna a tsakiyar gidajen mutane.

A gida Najeriya, jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa ba da lasisin sayar da barasa da kula da shi cikin ayyukan ƙananan hukumomi. A jihohin da suka bi sahun Zamfara wajen aiwatar da Shari'a daga 2000, magana ta koma ta hani da aikin Hisbah. Amma Bahaushen da ke zaune a Abuja ko Jos ko Legas na kwana ne a inda ake ba da lasisi, kuma da yawa sun san yadda gidan haya ko lambun shaƙatawa kan rikiɗe ya zama wurin shaye-shaye bayan ya shiga sabon hannu. Kansila da shugaban ƙaramar hukuma su ne ya kamata a tare da tambaya: sunan wa ke kan lasisin wurin nan, yaushe aka ba shi, wa aka sanar? Mai unguwa da kwamitin masallaci da na coci duk suna da hurumin yin ta, kuma ta fi amfani a ofis da rana fiye da a ƙofar mashaya da tsakar dare.

Wanda ke Ingila ko Wales kuwa, kafin a gyara doka, abin da ke hannunsa shi ne rajistar lasisi. Dole kowace ƙaramar hukuma ta ajiye ta, kuma kowa na iya dubawa kyauta, da yawansu ma sun sa tasu a intanet. Dole kuma kowace mashaya ta liƙa taƙaitaccen bayanin lasisinta a inda za a gani a cikin wurin. A rajistar mutum zai ga sunan mai lasisi da sa'o'in da aka halatta da sharuɗɗan da aka gindaya. Idan ya ga an fara fenti an sauke tsohon allo, ya duba ranar. Idan yana da abin da ya sani game da sabon mai wurin da ya shafi laifi, jami'in 'yan sanda mai kula da lasisi a yankin ne zai nema, kuma kwana 14 ɗin na fara ƙirguwa ne daga ranar da aka sanar da 'yan sandan, ba daga ranar da shi ya ji labari ba.